Kakar 1996 a Armagh: yadda ƙaramin garin Crossmaglen ya kama kofi ya ƙi saki

A shekarar 1995 ƙungiyar Mullaghbawn ta fitar da maƙwabciyarta Crossmaglen Rangers daga gasar zakarun ƙwallon Gelik ta gundumar Armagh, a Arewacin Ayalan. Tun daga wannan rana babu wata ƙungiya a gundumar da ta sake kayar da Crossmaglen a gasar sai a 2009. A wancan lokaci gasa ce ta sili ɗaya ƙwale, wanda aka doke ya tattara nasa ya nasa sai baɗi. Amma daga 1996 zuwa 2008 kofin bai kwana a wani gari ba, shekara 13 a jere. Mutanen garin Crossmaglen ba su kai 2,000 ba. Ƙungiyar ba ta sayi ɗan wasa ko ɗaya ba, domin a wannan wasa ba a ciniki, kuma babu wanda ake biya albashi. Wanda ya saba da ƙwallon Ingila ko ta Sifen, inda mai kuɗi ne ke tara kofuna, dole ya tsaya ya tambaya: to da me suka yi?

Sai an fara sanin wasan kansa. Ƙwallon Gelik ana yin ta da mutum 15 a kowane ɓangare, a fili da ya fi na ƙwallon ƙafar da muka sani girma, tsawonsa mita 130 zuwa 145. Ƙwallon zagayayya ce, ana kama ta da hannu, ana buga ta da ƙafa. Ɗan wasa ba zai wuce taku huɗu da ita a hannu ba sai ya buga ta a ƙasa ta dawo masa, ko ya sake ta kan ƙafarsa ya taɓo ta ta komo hannunsa yana cikin gudu. Ba a jefa wa abokin wasa ita, sai dai a doke ta da dunƙulen hannu ko tafi. Turakun raga dogaye ne, sun zarce ƙarfen sama. In ƙwallo ta shiga raga maki 3 ne, in ta bi ta saman ƙarfe tsakanin turakun maki 1. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba biyu: 2-13 na nufin ƙwallo biyu a raga da maki 13 ta sama, jimilla 19. Wasan ƙungiyoyi minti 60 ne. A 'yan shekarun nan an ƙara dokar maki 2 ga bugu mai nisa, amma a 1996 babu wannan.

Hukumar da ke riƙe da wasan ana kiranta GAA, an kafa ta ranar 1 ga Nuwamba 1884 a wani otal da ke garin Thurles, lokacin duk tsibirin yana ƙarƙashin Birtaniya. Michael Cusack da abokansa sun kafa ta ne don kada wasannin gargajiyar Ayalan su mutu a gaban wasannin Ingila. Saboda haka tun asali siyasa tana manne da ita. Da aka raba tsibirin a 1921, gundumomi 26 suka zama ƙasa mai cin gashin kanta, 6 na arewa suka zauna tare da Birtaniya, GAA ba ta raba tsarinta ba. Har gobe tana aiki da gundumomi 32 da larduna 4 kamar ba a taɓa shata iyaka ba. Armagh tana cikin shidan nan na arewa, a lardin Ulster.

Abin da bare ya fi gani a talabijin shi ne wasan gunduma da gunduma, wanda ake kammalawa a filin Croke Park na Dublin gaban mutum fiye da 80,000, a ba wanda ya ci kofin Sam Maguire. Amma kowane ɗan wasan da ke sanye da rigar gunduma aro aka yi shi daga ƙungiyar garinsu, kuma can zai koma. Kowace gunduma tana da gasarta ta ƙungiyoyi, hawa uku: manya, matsakaita da ƙanana. Zakaran manya na kowace gunduma shi ke wakiltarta a gasar lardi, zakarun lardunan huɗu kuma su haɗu a gasar ƙasa baki ɗaya, wadda aka fara a kakar 1970 zuwa 1971. A wancan zamani wasan ƙarshe na ƙasa ranar 17 ga Maris ake yi, ranar bikin Waliyyi Patrick. Wato kakar da aka buɗe a bazarar 1996, in ƙungiya ta yi nisa, ba za ta rufe ba sai Maris na 1997, bayan an sha sanyi da taɓo na hunturu gaba ɗaya.

Ginshiƙin tsarin shi ne cewa mutum yana yi wa inda aka haife shi ko inda yake zaune wasa. A karkara iyakar ƙungiya yawanci ita ce iyakar yankin majami'ar Katolika ta wurin. In garinku ba ya da ƙarfi, kai kuma gwani ne, haka za ka ƙare rayuwar wasanka ba ka taɓa ɗaga kofi ba, sai dai in aiki ko aure ya kai ka wani gari ka nemi canji bisa ƙa'ida. Wanda ya taso yana kallon gasar unguwanni a Kano ko Zariya zai gane irin zafin da ke cikin wannan: wanda ka doke yau za ku haɗu da shi gobe a kasuwa, kuma wataƙila ƙanwarsa ce matar yayanka. Bambancin kawai shi ne a Ayalan wannan gasa ta gari da gari tana da matakala har zuwa babban filin ƙasa.

Wannan doka tana da sakamako guda da ba a cika lura da shi ba. Tunda ba a sayen 'yan wasa, ƙarfin ƙungiya yana zuwa ne da haihuwa. In aka yi sa'a yara goma ko goma sha biyu masu hazaƙa suka taso tsara ɗaya a gari ɗaya, garin zai yi tashe shekara biyar ko shida, sannan su tsufa, ko su tafi neman aiki Landan da Amurka, garin ya koma jira. Haka tarihin Armagh ya kasance. Clan na Gael ta garin Lurgan ta yi zamaninta a farkon shekarun 1970, ta ci kofin Ulster sau uku a jere daga 1972 zuwa 1974, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 1974 ta sha kashi a hannun ƙungiyar jami'ar UCD ta Dublin bayan an sake wasa. Carrickcruppen ta yi nata a ƙarshen shekarun 1970. Ƙungiyoyin birnin Armagh guda biyu, Pearse Óg da Harps, suka karɓi ragama a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Clan na Gael ta dawo ta ci 1993 da 1994. Sai Mullaghbawn a 1995, da su Kieran McGeeney da mai tsaron gida Benny Tierney da 'yan'uwan nan Justin da Enda McNulty, kuma ba su tsaya a gunduma ba, har kofin Ulster suka ɗauko a shekarar. Kofi yana yawo hannu zuwa hannu, kamar yadda tsarin ya tanada.

Crossmaglen kuwa tsohuwar ƙungiya ce, tushenta ya kai 1887, rigarta baƙi da ruwan ɗorawa. Tana da kofunan gunduma da dama a tarihi, amma rabonta da kofi tun 1986, kuma ba ta taɓa cin na Ulster ba. Shekara goma ba kofi a garin da ba shi da wani abin taƙama da ya wuce ƙwallo, ba ƙaramin abu ba ne.

Nan ne labarin sojoji ke shigowa, kuma shi ne abin da 'yan jarida na waje suka fi so. Crossmaglen tana kudancin Armagh, 'yan kilomita kaɗan daga iyakar Jamhuriyar Ayalan, mutanenta kusan duk Katolika ne masu son haɗewar tsibirin. A rikicin Arewacin Ayalan, wanda ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960 ya ci rayuka fiye da 3,500, wannan yanki ne ƙungiyar IRA, mai yaƙi da mulkin Birtaniya da makamai, ta fi ƙarfi. Wani ministan Birtaniya mai kula da yankin, Merlyn Rees, ya kira shi ƙasar 'yan fashi a tsakiyar shekarun 1970, sunan ya bi shi, mutanen wurin kuma har yau suna jin haushinsa. Hanyoyin mota sun yi wa sojoji haɗari saboda nakiyoyin da ake binnewa, har ya zama abinci da ma'aikata, kai har shara, da jirgi mai saukar ungulu ake shiga da su bariki ana fitarwa.

Barikin kuwa bango ɗaya ne da filin wasan ƙungiyar, St Oliver Plunkett Park. Daga farkon shekarun 1970 sojoji suka ƙwace wani sashe na filin, suka riƙa bi ta cikinsa da manyan motoci, jiragensu na sauka da tashi a kansa ko gefensa. 'Yan wasan da suka taso a lokacin suna ba da labarin yadda ake tsayar da atisaye har jirgi ya wuce, da yadda ƙwallo in ta tsallaka katangar bariki sau da yawa ba ta dawowa, in ma ta dawo a fashe. Shekara da shekaru ana kai ƙorafin filin gaban babban taron GAA na shekara-shekara, shugaban hukumar na ƙarshen shekarun 1970, Con Murphy mutumin Cork, ya riƙe maganar da gaske, gwamnatin Dublin ma ta sha tayar da ita da Landan. Ba a mayar wa ƙungiyar filinta ba sai 1999, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu 1998. GAA ita ma tana da nata martanin: doka ta 21 a kundinta ta haramta wa sojan Birtaniya da ɗan sandan Arewacin Ayalan zama mamba, ba a soke ta ba sai 2001.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce bai shafi zukatan yaran garin ba. Inda na rabu da masu ba da labarin shi ne inda suke cewa zaluncin sojoji ne ya ƙera ƙungiyar da ba a iya dokewa. Lissafi bai goyi bayansu ba. Jiragen nan sun yi ta sauka a filin daga farkon shekarun 1970 har 1995, kusan shekara 25, kuma a tsawon wannan lokaci kofin gunduma huɗu kawai Crossmaglen ta ci: 1975, 1977, 1983 da 1986. Mullaghbawn ma a kudancin Armagh take, ƙarƙashin hasumiyoyin leƙen sojoji iri ɗaya, kakar kirki ɗaya ta yi ta koma. Da a ce bariki ne ke cin kofi, da tuni an gani. Abin da rikicin ya yi, a ganina, shi ne ya rufe wa garin sauran ƙofofi. Babu masana'antu, baƙi ba sa zuwa, yaro in ya fita yawo sai an tsayar da shi a shinge an caje shi. Filin ƙwallo ya zama wurin da iyaye suka fi yarda 'ya'yansu su yini, kuma manyan ƙungiyar sun san cewa yaron da ke atisaye da yamma ba ya wani wurin da ake ɗaukar matasa. Wannan ya tara yara a fili. Mayar da yaran zakaru kuwa aikin wasu mutane ne da suka shafe shekaru suna koyar da 'yan ƙasa da shekara 10 da 12 da 14 ba tare da an ba su sisi ba.

Waɗannan yara su ne suka balaga a tsakiyar shekarun 1990. Oisín McConville, wanda aka haifa a 1975, mai bugun tazara da ba ya jin tsoron minti na ƙarshe. Tagwaye John da Tony McEntee, 'yan 1977, dogaye masu ƙarfi da kaifin tunani a tsakiyar fili. Francie Bellew, mai jan gashi, ɗan baya marar magana wanda 'yan gaba ba sa son haɗuwa da shi. Paul Hearty mai tsaron gida, yana matashi sosai. Tare da su akwai 'yan manya da suka ɗanɗani shekarun fari, irin su Jim McConville, yayan Oisín, wanda shi ne kyaftin. Wanda ya haɗa su kuwa Joe Kernan ne, ɗan garin, tsohon gwarzon gundumar Armagh da ya zura ƙwallo biyu a ragar Dublin a wasan ƙarshe na ƙasa na 1977, duk da Armagh ta sha kashi ranar. Ya karɓi horar da ƙungiyar a farkon shekarun 1990, ya yi 'yan shekaru yana shan kaye, har da na Mullaghbawn a 1995. Wancan kaye ya yi zafi fiye da saura, domin maƙwabta ne, kuma Crossmaglen na zaune tana kallo suka je suka ɗauko kofin Ulster da ita ba ta taɓa taɓawa ba.

Salon wasan da Kernan ya ɗora su a kai ba mai ado ba ne. A kama ƙwallo a sama a tsakiyar fili, a buga ta da ƙafa mai nisa kuma da wuri zuwa ga 'yan gaba, kowa ya ci nasa mutumin. Ba su cika son ɗan gajeren miƙe-miƙen hannu da ya fara yaɗuwa a lokacin ba. Abokan hamayya sun sha zarginsu da wasan ƙarfi, kuma zargin ba duka ƙarya ba ne, domin ba sa ja da baya in an zo ƙirji da ƙirji. Amma abin da ya fi ba mutane tsoro a kansu daga baya shi ne ba a gama da su sai alƙali ya hura usur. Wasanni da yawa da suka ci a shekarun da suka biyo baya da maki ɗaya ko biyu ne, wasu kuma sai da suka ƙwato canjaras a ƙurarren lokaci sannan suka gama da mutum a wasan maimaici.

Kakar 1996 ta zo a shekara mai zafi. Tsagaita wutar da IRA ta yi a Agusta 1994 ta rushe a Fabrairun 1996 da bam ɗin da ya tashi a yankin Docklands na Landan. A Yuli aka yi arangamar Drumcree a Portadown, cikin gundumar Armagh ɗin kanta, kan ko za a bar 'yan ƙungiyar Orange masu goyon bayan Birtaniya su yi jerin gwano ta unguwar Katolika. An toshe hanyoyi a duk faɗin arewa kwana da kwanaki. A cikin wannan yanayi aka ci gaba da gasar gunduma ranakun Lahadi, ƙungiyoyin kudu suna tafiya arewa, na arewa suna gangarowa kudu, ana bi ta shingayen bincike da jakar takalma. Crossmaglen ta kai wasan ƙarshe ta haɗu da Clan na Gael, tsofaffin zakaru na 1993 da 1994, ta doke su da tazara mai faɗi. Matasa ne suka ture dattawa, kuma a ranar mutanen Armagh da yawa sun ɗauka abin da aka saba ne: tsara ta zo, za ta yi nata ta wuce.

A gasar Ulster ne aka fara ganin cewa wannan tsara daban ce. Ulster lardi ne mai wuyar sha'ani, gundumomi tara, filaye masu taɓo a watan Nuwamba, ƙungiyoyi irin su Burren ta Down da ta ci kofin ƙasa a 1986 da 1988, da Lavey ta Derry da ta ci a 1991. Crossmaglen ta kai wasan ƙarshe ta gamu da Bellaghy, ita ma daga Derry, ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa tun 1972. Aka tashi kunnen doki, aka sake wasa, Crossmaglen ta yi nasara. A wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa ta haɗu da Laune Rangers ta Kerry, masu riƙe da kofin, daga gundumar da ta fi kowace tarihi a wannan wasa, ta fitar da su da ƙyar. Ranar 17 ga Maris 1997 a Croke Park ta lallasa Knockmore ta Mayo 2-13 da 0-11, wato 19 da 11, Oisín McConville shi kaɗai ya ci 1-7. Jim McConville ya ɗaga kofin Andy Merrigan, wato kofin ƙasa na ƙungiyoyi. Wannan ne karo na farko da wata ƙungiya daga Armagh ta ci shi.

Makonni biyar kafin wannan wasa, ranar 12 ga Fabrairu 1997, wani maharbin IRA ya kashe wani matashin sojan Birtaniya, Stephen Restorick, a shingen bincike a Bessbrook, cikin kudancin Armagh ɗin nan. Wata biyu bayan wasan, ranar 12 ga Mayu, 'yan bindiga masu biyayya ga Birtaniya suka sace Sean Brown, shugaban ƙungiyar Bellaghy da Crossmaglen ta buga da ita wasan ƙarshe na Ulster, yana cikin kulle ƙofar filin ƙungiyarsu da dare, suka kashe shi. Ba ɗan siyasa ba ne, dattijo ne mai hidimar ƙwallon garinsu. Wanda ke son sanin abin da riƙe ƙungiyar GAA a arewa ke nufi a wancan lokaci, to ga shi nan.

Saura tambaya mafi wuya: me ya sa tsarar ba ta wuce ba kamar sauran? A 1997 sun kare kofin gunduma amma aka fitar da su a Ulster. Suka dawo suka ci kofin ƙasa a 1999, suka doke Ballina Stephenites ta Mayo 0-9 da 0-8, maki ɗaya tak, sannan a 2000 suka doke Na Fianna ta Dublin 1-14 da 0-12. Wannan wasa na 2000 yana da ɗan abin dariya a cikinsa. Kieran McGeeney, jagoran Mullaghbawn da ta kayar da su a 1995, ya koma Dublin da zama, ya sauya sheƙa zuwa Na Fianna, ga shi kuma a gabansu a Croke Park. Ƙungiyoyin babban birni suna da wannan gata, domin ma'aikata da ɗalibai daga ko'ina suna zuwa su zauna a yankinsu. Ƙungiyar ƙauye ba ta da shi, sai ma asara: Mullaghbawn ta rasa gwarzonta, ba ta sake farfaɗowa kamar da ba.

Crossmaglen ba ta rasa nata ba, kuma wannan shi ne sirri na farko. 'Yan wasanta sun zauna a gida ko kusa da gida, garuruwan Newry da Dundalk suna nan kusa ga mai neman aiki, tattalin arzikin Jamhuriyar Ayalan kuma yana haɓaka a daidai wannan lokaci, don haka dalilin ƙaura ya ragu. Na biyu, nasara tana haifar da 'yan wasa. Yaron da yake ɗan shekara 10 a 1997, ya ga maƙwabcinsa yana ɗaga kofi a Croke Park, shi ne ɗan shekara 20 a 2007. Kafin tsarar farko ta gaji, ta biyu ta iso, a cikinta har da 'ya'yan Joe Kernan huɗu: Stephen, Aaron, Tony da Paul. Sun shiga ɗaki ɗaya da su Oisín da tagwayen McEntee da Bellew, suka koyi yadda ake cin wasan da ya ƙi ci daga bakin waɗanda suka yi. Suka ci kofin ƙasa a 2007 a kan Dr Crokes ta Kerry bayan maimaici. Na uku, horarwa ba ta fita daga gida ba. Bayan Kernan, mutanen ƙungiyar ne suka riƙa karɓar ragama: Donal Murtagh ya jagoranci nasarar 2007, Tony McEntee da Gareth O'Neill suka jagoranci ta 2011 da 2012. Kofin ƙasa shida ke nan, Nemo Rangers ta birnin Cork ce kawai ta fi su, da bakwai.

Akwai kuma abin da nasara ke yi wa abokan hamayya. A gasar sili ɗaya ƙwale, ƙungiyar da aka haɗa da Crossmaglen a zagayen farko tana iya shafe wata shida tana atisaye, a gama da ita a awa ɗaya, shekararta ta ƙare. In haka ta faru sau uku ko huɗu, matasa sukan fara zaɓar tafiya Amurka aikin bazara maimakon jiran kayen da suka san yana tafe. Wasu ƙungiyoyin sun sha yin gaba da maki uku ko huɗu saura minti goma, sai hannu ya fara rawa. Mutanen Armagh sun daɗe suna gardama ko wannan mamaya alheri ce ga gundumar ko sharri. Ni dai ina ganin ta cutar da gasar ƙungiyoyi, domin gasar da aka san mai cinta tun kafin a fara ba ta tara jama'a, kuma an yi gwanaye a Dromintee da wasu garuruwa da suka ƙare wasansu ba su da lambar zakara ko ɗaya saboda kawai an haife su a zamanin da bai dace ba.

Amma gundumar ta ci riba ta wata fuskar. Kafin 2002 Armagh ba ta taɓa cin kofin Sam Maguire ba duk tsawon tarihinta. A ƙarshen 2001 aka ba Joe Kernan horar da ita, a Satumban 2002 ta doke Kerry 1-12 da 0-14, maki ɗaya. Oisín McConville ya zubar da bugun fanareti kafin a tafi hutun rabin lokaci, ya dawo ya ci ƙwallon da ta juya wasan. Bellew da John McEntee suna cikin waɗanda suka fara, Tony ya shigo daga benci. Kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin kuwa McGeeney ne, mai tsaron gida Benny Tierney, a baya ga Justin da Enda McNulty: mutanen Mullaghbawn na 1995 da mutanen Crossmaglen na 1996, waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji a gasar gunduma, a riga ɗaya. Da Armagh ta sake cin kofin a 2024, ta doke Galway 1-11 da 0-13, McGeeney ne koci, a fili kuma akwai Rian da Oisín O'Neill na Crossmaglen, 'ya'yan Gareth O'Neill, waɗanda Oisín McConville kawunsu ne.

Sojojin Birtaniya sun kawo ƙarshen aikinsu na Arewacin Ayalan a Yulin 2007, an rushe hasumiyoyin leƙen da ke kan tuddan kudancin Armagh, jirage suka daina sauka kusa da filin. Crossmaglen ta ci gaba da cin kofi babu su. A 2008 ta ci na 13 a jere, ta kamo tarihin da Ballina Stephenites ta kafa a Mayo daga 1904 zuwa 1916. Saura ɗaya ta karya shi, sai Pearse Óg ta birnin Armagh ta fitar da ita a 2009, ta kuma je ta ci kofin shekarar. A 2010 Crossmaglen ta karɓe abinta, ta riƙe har 2015, shida a jere. Paul Hearty, wanda yake cikin ƙungiyar yana matashi a 1996, shi ne a raga a 2015, da lambar zakaran gunduma 19.